Sunayen da Baba Yake Miƙe wa

A gidanmu da ke unguwar Liman Abaji a Keffi ba a kashe fim ɗin yaƙi sai sunayen ƙarshe sun gama hawa. Dokar Baba ce. Tsohon soja ne, an taɓa tura su kwantar da tarzoma a wata ƙasa ta bakin teku, ya dawo da ɗingishi da ƙarancin magana. Duk Asabar bayan la'asar sai ya tayar da ƙaramin janareto, ya saka faifan nan na Amurkawa da ya sha kallo har ya karce. Da an gama harbe-harbe, baƙin allo ya fito da fararen sunaye, sai ya miƙe ya ƙame, hannuwa a gefe.

Mama ta ce, "Malam, fetur fa! An gama fim."

"Ba a gama ba. Mutane sun mutu, a bari a karanta su."

Shi a zatonsa sunayen sojojin da suka faɗi ne. Ni na san ba haka ba ne tun ina sakandare, amma wallahi ban taɓa jin sha'awar gyara masa ba. Na san wanda yake tsaya wa. Yana da wani aboki, Bamade ne a ƙabila, Kirista, da suke cin abinci a kwano ɗaya a can. Baba ya dawo, shi bai dawo ba. Abin da ke cin Baba shi ne babu inda aka rubuta sunan mutumin, ko a jikin bango. Yakan ce, "Dubi Turawa, ko kuku ba su manta da shi ba."

Ƙanena ne ya ɓata lamarin, shekarar da ya shiga jami'a yana jin kansa ya waye. Baba na ƙame, sai ya kwashe da dariya: "Haba Baba, ai ma'aikatan fim ne! Wancan na sama shi ya rubuta labarin. Yana can Amurka da ransa yana shan shayi." Kai, ji na yi kamar in kwaɗa masa murfin tukunya. Baba ya zauna a hankali, ya ce Mama ta kashe injin. Asabar ta zagayo, janareto bai tashi ba, ta gaba ma haka. Gidan ya yi mini shiru mara daɗi, har hayaƙin fetur ɗin da nake ƙorafi a kai na yi kewarsa.

Wata safiya ina tsince shinkafa a tsakar gida Baba ya jawo kujera kusa da ni.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "shi mai rubutun nan, soja ne?"

Na ce ban sani ba.

"Ya je fagen daga. Wanda bai je ba ba zai san soja ya fi tsoron jiƙaƙƙiyar safa a kan harsashi ba." Sai ya ƙara da cewa, "To shi ke zaɓen wanda zai mutu?"

"Shi ne, Baba. Sana'arsa ke nan. Ya zauna ya rubuta, 'yan wasa su bi."

"Har wanda zai koma gida?"

"Har shi."

Sai ya ce in ajiye tiren in ɗauko biro. Ranar na fara jin labarin abokinsa daga bakinsa: yadda yake gadin Baba in zai yi salla, yadda yake waƙar coci da muryar da ko akuya ba za ta jure ba, yadda kullum yake cika baki da doyar gonarsu. Mun yi makonni muna yi, yana faɗa ina rubutawa. Da muka kai ranar da za su ƙetare wani kogi, Baba ya tsaya cak. Na jira. Ya share fuska da hularsa.

"Daga nan ke za ki ƙarasa. Amma ki ƙetarar da shi. Ki sauke shi a tashar Keffi da jakarsa, matarsa na jira."

Na ce, "Baba, ai ba haka aka yi ba."

"Na fi ki sanin yadda aka yi. Baturen ma wa ya ba shi izini?"

Haka na rubuta. Na sa shi ya sauko daga mota yana faɗa da kwandasta, na sa matarsa ta saki tulun ruwa ta ruga. A ƙasan shafin na rubuta cikakken sunansa da manyan baƙaƙe, shi kaɗai.

Ranar Asabar bayan la'asar na karanta musu a falo, har da ƙanena, wanda ya kama bakinsa wannan karon. Babu janareto, babu allo. Da na zo kan sunan, sai na ji ƙarar kujera. Baba ya miƙe a kan gurguwar ƙafarsa, ya ƙame, hawaye na bin gemunsa. Mama ma ta miƙe. Yau Baba ba ya duniya, kuma ina kewarsa ƙwarai. Har yanzu ba na iya kashe fim sai sunaye sun ƙare.