Baba Shekari da Cocin Jamusawa

Baba Shekari kafinta ne. Ya yi yawancin rayuwarsa a Numan yana gyara kujerun cocin Lutheran. Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa Confidence ta ɗauko shi zuwa ƙasar waje, birnin Greensboro. Ita tana aiki a wani sito a titin Wendover, shi kuwa zaman gida ya ishe shi.

Wata Lahadi ta kai shi wani tsohon coci a bayan garin McLeansville, tsakiyar gonaki. Jamusawa manoma ne suka gina shi tun zamanin kakannin kakanni. A gaban bagadi akwai kwamin dutse na baftisma, bakinsa ya suɗe. Tsofaffin wurin sun ce daga wani cocin ƙauye a Jamus aka ɗauko shi, cocin da ya girmi Luther kansa, mutumin da ɗariƙar ta samo sunanta daga gare shi. Masu sujada ba su cika layi biyu ba, dukansu farin gashi.

Baba Shekari ya roƙi a bar shi ya riƙa gyara kujeru ranar Asabar. A nan ya fara jin wata waƙa. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, ba kowa, sai muryoyi su taso can ƙasa-ƙasa daga wajen dutsen. Ya san karin, sun sha rera shi a Numan, amma kalmomin ba Hausa ba ne, ba Turanci ba.

"Baba, hawan jinin nan ne," in ji Confidence da ya ba ta labari. "Bari in kai ka wajen likita."

"Ki kai ni. Amma akwai mace ɗaya a cikinsu da ke jan ƙarshen baiti kamar mamarki."

Confidence ba ta sake tayar da maganar ba.

Tsofaffin suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka rufe cocin. Bai daina zuwa ba. Yakan zauna a bakin matakala, kunnensa jingine da ƙofa, har ta zo ɗaukarsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ta tambaye shi ko a mayar da shi gida Numan.

"A'a. Sun saba da ni a nan."

An binne shi a gefen maƙabartar cocin, cikin duwatsu masu rubutun Jamusanci da ruwan sama ya cinye. Confidence takan je cire ciyawa ranar Asabar. Tana barin rediyon mota a kunne, da ƙarfi, don kada ta ji komai daga wajen cocin, har ta gama.