Ruwan da ya dawo kafin la'asar

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba Soja, kuma har yau in na ga ruwa ya janye daga fadamar Haɗejiya sai hankalina ya ƙi kwanciya. Shi ya bar mini wannan gadon.

Zamanin Turawa aka kwashe shi zuwa yaƙin Bama, shi da amininsa Bukar, mutumin Auyo. Aka sauke su a wani tsibiri, laka ko'ina. Tankokin yaƙi, duk girmansu, sai inda ƙasa ta yarda suke bi. Da Baturen da ke shugabantarsu ya ji Baba ɗan fadama ne, sai ya sa shi gaba da gora yana soka ƙasa. Inda ya nuna, nan ake bi. Kansa ya kumbura, shi da bakinsa ya faɗa.

Wata safiya ya ga fili ruwa ya janye, ya soka gora ta tsaya, ya ce a girke tanka a nan. A wajenmu in ruwa ya ja baya, sai baɗi. Ba wanda ya gaya masa ruwan teku tafiya yake ya dawo a yini guda. Kafin la'asar ruwa ya dawo, tanka ta kafe a sarari, aka tura su Bukar su tono ta. Nan harsashin abokan gaba ya sami Bukar, ya kashe shi.

Baba ya dawo gida, amma bai ƙara iya zama wuri ɗaya ba. Kowace damina yana Auyo yana nome wa Inna Falmata, mahaifiyar Bukar, shinkafarta. Tana sa masa albarka, shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita, ya kasa faɗa mata gaskiya.

Yanzu da koginmu ma ya koyi dawowa ba sallama, samari kuma suna ratsa fadama da babur ko duba ƙasa ba sa yi, nakan ce ina Baba ya gani. Da ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

Gorarsa tana nan a zaure. Amma abin da ya fi zama mini shi ne ranar da ya durƙusa gaban Inna Falmata, furfura ta cika masa kai, ina zaune ina ji, ya ce, "Inna, ni na nuna wurin."

Sai ta ce, "Garba, tun shekarar da kuka dawo aka gaya mini. Da na ce na sani, da kunya ta hana ka zuwa. To wa zai kira ni Inna?"

Allah ya jiƙansu duka ukun.