Saƙon Inna Zuwa ga Wancan

Makon jiya na sayi wata tsohuwar mota a Unguwa Uku. Ni dillalin motoci ne, kuma ba na kai mota kasuwa sai na bincike ta ciki da waje. A ƙarƙashin kujerar baya na tsinci kaset na bidiyo, zarensa ya zazzago. Na daɗe ina riƙe da shi a hannu. Gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya faɗo mini a rai, da daminar shekarar da sojoji suka koma bariki.

Ina firamare a lokacin. Katangun unguwa duk sun cika da hotunan 'yan siyasa, ruwan sama ya jiƙa su suna ɓallowa. Yayana, ɗan farin gidanmu, yana karatun fim a Jos. Darakta yake so ya zama, ko da abinci yake ci sai ka ga ya haɗa yatsunsa yana leƙen mutane ta tsakiya. Baba kuwa hatsi yake sayarwa a kasuwar Tarauni, kuma bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ya ce idan fim ɗin da zai yi na jarrabawa bai yi kyau ba, Yaya ya tattaro kayansa ya zo ya kama kwanon awo.

Fim ɗin gajere ne, mace tana yin alkaki tun daga kwaɓi har suya. Yaya ya aro kyamara wurin wani mai ɗaukar biki, da sharaɗin ya mayar kafin la'asar. Kaset ɗaya gare shi. Wadda za ta fito kuwa ita ce Anti nas, 'yar kudancin Kaduna da ke haya a gidanmu tana aiki a asibitin koyarwa. Mace ce mai kirki, amma dariya ba ta yi mata wuya. Da Yaya ya ce a fara, sai ta ɗago ta kalli kyamara ta washe baki. Aka sake, ta kuma. Ya gwada ƙanwar Baba, ita har hannu ta ɗaga wai tana gaida mutanen Jos. Rana ta take, kaset ya ci rabi, gumi ya jiƙa rigar Yaya.

Kwaɓin da ake ta jagwalgwalawa na Inna ne, na garar wata amarya da za a zo karɓa da yamma. Ta gaji da kallon ɓarna, ta fito ta ce wa Anti ta matsa, ta zauna ta ja kwano gabanta.

Kun san kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya ba, ban taɓa ganin ta haɗa ido da shi ba. "Wancan" take ce masa. In zai ci abinci, ni ake ba wa in kai. To ga Yaya tsaye a bayan kyamara, don haka duk duniya babu inda Inna ba za ta kalla ba sai wurin. Na ja hannun rigarsa. Ya duba, ya gane, ya danna kyamara.

Matsalar ita ce darakta sai ya ba da umarni, shi kuwa ba ya iya yi mata magana kai tsaye. Taku uku ne tsakaninsu, amma sai ta bakina.

"Auta, ka ce ta matso cikin haske, fuskarta ta yi duhu."

Na tsuguna kusa da ita. "Inna, hayaƙi na shigar miki ido. In ja miki kujera nan?"

Ta matsa, ba ta ɗago ba. "Ka faɗa wa wancan ya daina tsaya mini a ka kamar dogari."

Na koma. "Ta ce in ka ja baya kaɗan za ka fi ganin hannunta."

Anti nas ta toshe bakinta da zani tana shaƙewa da dariya, don kowa ya ji abin da aka faɗa da abin da na isar. Su ma biyun sun ji. Amma ya ja baya, ita ma ta zauna cikin haske. A ranar na gane cewa mai saye da mai sayarwa sau da yawa sun riga sun yarda, wanda zai gyara musu magana kawai suke nema. Da wannan nake ci har yau.

Inna ta murza, ta naɗe, ta jefa a mai, ta tsamo ta tsoma a ruwan sukari. Ƙanshi ya cika gida. Hadari ya taso daga wajen Hotoro, iska ta kaɗa mayafinta, ko gezau. Kaset ya ƙare daidai tana jera na ƙarshe a faranti. Yaya ya rungumi kyamara ya ruga cikin yayyafi.

Bayan ya haɗa fim ɗin, a talabijin ɗin Anti aka kalla, ranar wata Juma'a da Baba ya dawo daga masallaci. Baba ya zauna bakin ƙofa yana kallo har aka gama. Sannan ya gyara hula.

"Tun kafin a haife ka nake cin alkakin nan, ban taɓa sanin haka ake shan wahalarsa ba. Koma makarantarka."

Yaya ya durƙusa yana godiya, Anti ta rangaɗa guɗa irin ta garinsu. Inna tana madafa ta ba mu baya, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Yanzu kowa darakta ne da wayarsa, kuma matata tana ƙwala wa ɗanmu na fari kira da sunansa tun daga ƙofar gida. Ban ce laifi ba ne. Yaya ya yi furfura a bayan kyamara. Inna ta tsufa, amma ba fim ɗinsa da ke wuce ta, sai dai in sunansa ya fito a allo ta sunkuyar da kai. Da wanda ya fitar bana ya ƙare, ta sa jikarta ta kira ni a waya.

"Auta, ka faɗa wa wancan ya iya."

Na kira shi nan take. Wannan karon ban gyara ko kalma ɗaya ba.