Ranar da Minista ta Biyo Ni Daga Dei-Dei

Ƙarfe shida saura ashirin na wata Laraba, bayan na idar da sallar asuba, na ja ƙofar gidanmu a Dei-Dei. A bakin layi wata baƙar mota ta sauke mace guda mai hijabi ruwan toka da silifas, ta juya ta tafi. Matar nan ita ce ministarmu ta sufuri.

Ga yadda aka yi. Sunana Rakiya, a ɗakin ajiye fayil na ma'aikatar nake aiki. Hajiya kuwa kamfanin jiragen sama take shugabanta kafin a ba ta minista, ta zo mana da halin can: takwas, takwas ce. Ranar Litinin ta zagaya ofis-ofis, ni ko ban shigo ba sai tara da rabi, karo na uku a wata ɗaya. Aka miƙo mini takardar tuhuma. Da ta tambayi dalili, sai bakina ya suɓuce na ce, "Ranki ya daɗe, jirgi da lokacinsa yake tashi, motar Dei-Dei kuwa sai ta cika."

Ta ce, "To, jibi zan biyo ki. In mun isa kafin takwas, takardar nan ta shiga fayil ɗinki. In mun makara, da hannuna zan yaga ta."

In takardar ta shiga, ƙarin girman da na shekara biyar ina jira ya tafi ke nan.

Dei-Dei

Na durƙusa zan gaishe ta, ta riƙe hannuna. "Yau babu ranki ya daɗe. Yaya za ki ce."

Muka hau Keke mai ƙafa uku zuwa babban titi. Kullum a bakin kasuwar dabbobi sai ka tarar da tirelar shanu ta gitta hanya, ko motar rodi tana juyawa. Ranar nan fayau, ko akuya babu. Ni da nake roƙon Allah kowace safiya ya buɗe hanya, sai ga ni ina roƙon ya kawo tirela.

A ƙarƙashin gada mutane sun yi dafifi. Mota ta tsaya, aka yi kanta, Hajiya tana tsaye tana tambaya, "Ina layin ya fara?" Wani dattijo mai jakar leda ya dube ta ya ce, "Baƙuwa ce ke, ko?" Mota biyu ta wuce mu a haka. A ta uku na fizgi hannunta na tura ta ciki, sai da muka zauna na tuna wadda na tura. Shida da kwata muka tashi, mu huɗu a baya, biyu a gaba, naira dubu kowa zuwa Berger.

Kubwa, shida da rabi

Direbanmu wani mutumin Filato ne, Oga Sunday, bakinsa ba ya hutawa. Dattijon nan, wanda shi ma ya samu shiga, ya yi ƙorafin tsadar mota, sai direba ya ce, "Baba, ka je ka gaya wa sabon minista. Wannan mata sama kawai ya sani, bai san ƙasa ba."

Na ji kamar in nutse. Hajiya ta ce, "An ce fa da sayar da tikiti ta fara a Kano, shekara bakwai tana tsaye bayan kanta."

"Tikitin jirgi, Madam! Akwai sanyin esi a wurin."

Mota ta ɗauki dariya, Hajiya ce ma ta fi kowa yi. Ta ce in ya ga ministar me zai gaya mata? Ya ce manyan bas da safe, da wurin tsayawa mai rumfa, don in ruwa ya sauko fasinja da direba duk wahala suke sha. Ta gyaɗa kai.

Gwarimpa

Nan addu'ata ta karɓu. Jami'an hanya suna duba takardu, motoci suka tsaya cak. Na leƙa agogo ina murna a ɓoye. Hajiya ta sayi dafaffiyar gyaɗa ta taga, muna ɓarewa tana ba ni labari ƙasa-ƙasa: daga kantar tikiti aka mai da ita mai tsara lokutan tashin jirage, daga nan manajar Legas, har ta zama shugaba. Ta ce akwai ranar da ta sa aka rufe ƙofar jirgi aka bar kawunta a ƙasa saboda ya makara da minti huɗu, shekara guda bai gaishe ta ba. Jin haka gyaɗar ta fita raina. Minti ashirin da biyar kacal, hanya ta buɗe.

Berger zuwa Sakatariya

Bakwai da ashirin da biyar muka sauka. Ƙafar Hajiya ta yi tsami, tana ɗingishi, amma ta koyi darasi: wannan karon ita ta kutsa ta kama mana wuri a motar Sakatariya. Takwas saura goma muna bakin get ɗin ma'aikata. Na ce a raina shi ke nan, Rakiya, kin ja wa kanki.

Na nuna katina na wuce. Hajiya ta biyo ni, sai Malam Audu mai gadi ya sa hannu ya tare.

"Hajiya, ina katinki?"

"Ni ce minista."

Ya dubi silifas ɗin, ya dubi ɓawon gyaɗar da ya maƙale a hijabinta. "Minista da jiniya take shigowa. Ki koma gefe, don Allah."

Na ce, "Malam Audu, wallahi ita ce!" Ya ce doka daga sama take, daga ministar ma, babu kati babu shiga. Sai da ta buga wa sakatarenta waya ya sauko a guje. Lokacin da ta taka cikin harabar, takwas ta wuce da minti goma sha biyu. Malam Audu ya shiga ba ta haƙuri, ta ce masa, "Aikinka ka yi, ba ka da laifi."

A ofishinta ta zare takardar ta ce, "Cewa na yi in mun isa. Ke kin isa, ni ban isa ba." Ta yaga ta biyu. Sannan ta tambayi yadda na yi da yara yau. Na ce maƙwabciyata na bar wa su, abin da ba zai yiwu kullum ba. Ta kira darakta ta ce a binciko mata ma'aikata nawa ke zuwa daga Zuba, Dei-Dei da Kubwa. Bayan wata biyu bas ɗin ma'aikata ta fara zuwa mana.

Komawa gida

Ranar Larabar nan, biyar na tashi, ni kaɗai, ta hanyar da muka zo. Bakwai da rabi na shiga gida, na tarar maƙwabciyar tawa, Maman Blessing, ta yi wa yarana wanka har sun ci tuwo. Ina gode mata, Allah ya saka da alheri, ina gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da ni lafiya. Da na ba maigidana labari, ya daɗe yana dariya, sannan ya ce, "Yanzu ke, minista guda ta zo har ƙofar gidana, ko ruwa ba ki ba ta ba?"