Kawu Sule da Furannin Tsibiri

Duk wanda ya san Kawu Sule ya san ba ya cire hula a gaban mutane. Ba sanƙo yake ɓoyewa ba, ambulan ne jere a ciki, kowanne da busasshen ganye da lambarsa.

Tun da ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwaje ya dawo Dutsin-Ma, ya ƙwallafa rai a kan wani ɗan fure ruwan ɗorawa da ke tsibiran cikin dam. Wai na tsibiri ba dangin na bakin ruwa ba ne, kuma sai ya tabbatar ta alamomin gadon da ke cikin ganyensu, kamar yadda ake gane dangi da jini. 'Yan majalisarsu suka laƙaba masa Mai Binciken Asalin Ciyawa, sunan kuwa yana ci masa rai.

Ranar da na raka shi, kafin mu sauka daga kwalekwale sai da ya sa ni da Audu masunci muka wanke ƙafa, muka kakkaɓe wando, kada mu shigo da irin waje.

Audu ya ce, "Malam, to tsuntsayen hwa?"

"Su ma ina nan ina tunaninsu."

Furannin kuma safa ya sanya musu, kada ƙudan zuma ya haɗa su aure da na tsallake. Sabuwa fil daga kasuwar Kurfi! Shi kuwa tasa safar, dunduniya a waje.

Da rani ruwa ya ja, akuyar wani mutumin Makera ta tsallaka ta cinye rabin furannin tsibiri na uku. Kawu ya kai ƙara wurin mai gari. Aka yi maganar diyya, ya ce, "Mi zan yi da ita? Irin furena na cikin akuyar nan. A tsare mani ita kwana biyu, duk abin da ta kasayar nawa ne." Haka aka yi wallahi! Matarsa Inna Rabi ta rantse ba za a shigo mata gida da shi ba.

Daga baya ya aika ganyen wurin wata da ya taɓa koya wa aiki don ta gwada, ya zauna jira. Takardar sakamakon ta iso kwana tara bayan rasuwarsa. Na karanta wa Inna: na tsibiri daban suke, gaskiyarsa ce.

Ta ce, "Sake." Na sake. Ta share ido, ta ce, "Tashi ka kai majalisa, ka karanta masu da ƙarfi."

Na je na karanta, ba wanda ya yi dariya. Ni ma da ƙyar na kai ƙarshe, don kewarsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya isar masa da labarin da bai tsaya ya ji ba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.