Ranar da Na Tsaya Ni Kaɗai a Gefen Taga

Akwai wata safiyar Laraba da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina ƙaramar sakandare a Birnin Kebbi, kuma ni ce irin yarinyar da ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai kafin ta amsa.

Malamarmu ta Hausa ta ce kowa ya zo da labarin gargajiya daga gida. Tana da wata dabara. In an ba da labari, sai ta riƙa maimaita shi magana bayan magana. Wanda ya ga za a iya tabbatar da maganar ya tsaya gefen taga, wanda ya ga ra'ayi ne ko ji kawai aka yi ya koma gefen ƙofa.

Ni kuwa ina da labarin da nake ji da shi. Kakata a Argungu take, wurinta nake hutu, ita ce ta ba ni labarin sarkin ruwa. Kafin masunta su faɗa kogi ranar bikin kamun kifi, shi yake fara shiga ya yi wa kadoji magana su ba da wuri, su kuma su janye har a gama. Na taɓa zuwa bikin sau ɗaya, don haka na ƙara da cewa babu wanda kada ya taɓa ranar.

Malama ta fara. Ana bikin kamun kifi a Argungu? Duk muka tsaya taga. Masunta suna shiga da koma, wato ragar kamun kifi, da gora? Taga. Da ta ce kadoji suna jin maganar sarkin ruwa, sai na ji ƙarar takalma, aji ya kwashe zuwa ƙofa. Na waiga, ni kaɗai.

Ban matsa ba. A lissafina na yarinta, taku ɗaya zuwa ƙofa daidai yake da in ce kakata maƙaryaciya ce a gaban mutane. Na ƙura wa wata tsaga a siminti ido, wuyana yana zufa a cikin hijabi. Wata daga baya ta ce a bar ni, wataƙila kadan ne ya kira ni a waya ya faɗa mini. Aka bushe da dariya.

Malama ta tsawatar, ta matso kusa da ni. "Ɗiyata, mi kig gani da idonki?"

Na faɗa mata a hankali. Na ga sarkin ruwan, wani tsoho, a cikin kwalekwale, bakinsa yana motsi. Na ga makaɗa, na ga ruwan ya koma jar laka da mutane suka ruga ciki, har wani ya fito da giwan ruwa a kafaɗa, wandonsa ya yage. Kada dai ban gani ba, ko wutsiyarsa.

Abokiyar zamana, 'yar wani Bayarabe mai sayar da kayan babur, ta ɗaga hannu ta ce ai magana ta fito, hayaniya ce take korar su, ko ita ce kada da ta gudu. Aji ya sake dariya. Malama ta tambaye ta ko ta taɓa zama da kada ta ji ta bakinsa, ta ce a'a. "To, taki ma zato ce. Zauna nan ƙofa inda kike."

Na fara jin sanyi a raina, ashe ba a gama da ni ba. Malama ta juyo ta tambaye ni ko kakata ta ce ta ga kadojin suna tafiya. Nan na tuna daidai yadda kakata ta faɗa, tana tsince shinkafa a faifai. Cewa ta yi haka mahaifinta ya gaya musu, ita ko bakin kogi ba ta zuwa ranar saboda cunkoso, Allah ne masani. Tsohuwar ta raba abin da ta ji da abin da ta gani tun a tsakar gida. Ni ce na haɗe su a hanya don labarina ya fi na kowa daɗi.

Na ce, "A'a, Malama. Ita ma ji ta yi."

Babu wanda ya ce in tafi. Da kaina na ratsa ajin zuwa ƙofa, idanu duk a kaina, ban taɓa sanin ajinmu yana da faɗi haka ba. Ranar ko abincin tara ban iya ci ba.

Har yau ina son labarin sarkin ruwa, ina kuma ba ƙannena shi. Amma na koyi cewa girmama wanda ya ba ka labari shi ne ka isar da shi yadda ya ba ka, ka faɗi inda idonka ya tsaya da inda kunnenka ya karɓa. Ni da na tsaya don in kare kakata, ni ce na kusa ɗora mata maganar da ba ta yi ba.