Katafilar da Baffa Ya Dafa

A ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, in aka ce "mai dafa katafila" ba sai an ƙara bayani ba, kowa ya san Baffana ake nufi, ƙanen mahaifina. Har yaran da aka haifa bayan abin ya faru sun san sunan, ko da yake ba su san tushensa ba. Shi kuwa in an kira shi da shi sai ya yi kunnen uwar shegu. Wani lokaci da gangan ne, wani lokaci kuma da gaske bai ji ba, don ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu tun da daɗewa.

Katafilar ta ƙungiyar manomanmu ce, tsohuwa aka saye ta, Baffa ne direbanta. Da ita ake gyara gaɓar kanal, a baje gonaki, a ture laka da ciyawar kacalla da ke toshe hanyar ruwa. Wata rana da tsakar rani ana cikin aiki ta tafasa, ta feso tururi, ta mutu. A nan gefen kanal ta tsaya, a nan kuma ta zauna shekara da shekaru, har ta zama inuwar awakin Fulanin da ke rugar bayanmu. Mutane suka yanke hukunci cewa Baffa ne ya bar ta ba ruwa. Shi kuma ya rantse ya maimaita cewa bai taɓa hawanta bai duba ruwa ba. Ba wanda ya kai shi ƙara. Suna kawai aka laƙaba masa, wannan kuwa ya fi ƙara ciwo.

Ni bakaniken injinan ban ruwa ne, shagona yana bakin titi a Kura, kuma ina da saurin fushi, ban ɓoye ba. Da na ji ƙungiya za ta sayar da katafilar wa 'yan gwangwan su yayyanka, sai na miƙe a taro na ce a ba ni wata uku. Suka ɗauka gonakin ƙarshen kanal nake tausayi, waɗanda ruwa ba ya isa gare su. Ina tausayinsu, amma ba su ne a raina ba. Baffa ya tsufa, ƙafarsa ta fara rawa, kuma ba na son a kai shi makwancinsa da wannan suna. In aka yanka ƙarfen nan, shaidarsa ta tafi ke nan.

Aikin farko ba na bakanike ba ne, na korar ƙadangaru ne da rina. Bayan nan na kwance kan injin na kai Kano aka goge shi, don zafi ya lanƙwasa shi. Na sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke liƙe kan inji da gangar jikinsa, na juye tsohon baƙin mai da ya yi kauri kamar kwalta, na wanke tankin gas, na aro batir biyu daga wani mai tifa. Kullum Baffa yana zuwa bayan hantsi, ya zauna a kan kacar da katafilar ke tafiya a kanta, yana miƙo mini sifana kafin in tambaya.

Ranar da ta tashi, rabin gari yana wurin. A gaban kowa na cika lagireto, tankin da ke sanyaya inji, da ruwa har ya tumbatsa. Ta yi tari, ta yi baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Baffa ya ɗora tafin hannu a jikinta ya daɗe bai ɗauke ba. Amma ba a yi rabin awa ba allurar zafi ta fara hawa, ta hau har ta shiga ja, dole na kashe.

Wani bakaniken zai yi baƙin ciki, ni kuwa daɗi ne ya rufe ni. Na hau kan kaca na ce wa jama'a su duba da idonsu, ga ta cike da ruwa kuma tana tafasa, ashe ba rashin ruwa ne ya kashe ta ba. Da na tsaya a nan da na yi hankali. Sai bakina ya ja ni, na ce zan tono ainihin abin da ya kashe ta, kuma zan faɗe shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a, kowa ya ji kunyarsa.

Na bi abin daki-daki. Fanbel, bel ɗin da ke juya fanka, ya saki, na ɗaure, ba ta daina ba. Na wanke fuskar lagireto da injin feshi, audugar kacalla ta yi ta fitowa har na ce ai ita ce, na tayar, ta sake tafasa. Na kwance famfon ruwan injin, lafiyarsa lau. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, na cire shi na dafa a tukunya, ya buɗe baki yadda ya kamata. Sati biyu ina wannan, masu wucewa gona suna yi mini sannu da wata irin murya wadda gara zagi da ita.

Abin da ya kamata in fara da shi, shi na yi a ƙarshe. Na tayar da ita na bi jikin lagireton da tafin hannu. Sama yana ƙuna, gefe da ɗumi, tsakiya kuwa sanyi kamar randa. Ruwa ba ya bi ta nan. Muka sauke shi da sarƙa, na buɗe murfin sama. Ƙananan bututun da ruwa ke sauka ta ciki, fiye da rabinsu a toshe suke da wani abu mai tauri, baƙi-baƙi, kore-kore.

Na ce lakar kanal ce. Na ɓanɓaro ɗan guntu na jefa a gwangwani da ruwan zafi don in gani. Da na dawo na tsoma yatsa, sai na ji yauƙi. Laka ba ta yauƙi. Na kai hanci, a ƙarƙashin warin tsatsa akwai wani ƙamshi da duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya sani. Kuka ce.

Nan take na tuna Inna, matar Baffa, tana tsaye a tsakar gida tana faɗa wai garin kukarta yana raguwa, mu kuma muna dariya a ɓoye, muna cewa wane irin ɓarawo ne zai tsallake nama ya saci kuka. Na kuma san dabarar tsofaffin direbobi, in lagireto yana yoyo a hanya a zuba masa garin kuka, ya kumbura ya liƙe hujin. Dabara ce ta kwana ɗaya, ta isa da kai gareji. Na zubar da ruwan gwangwanin a ƙasa, na ture da ƙafa, na ƙudurta cewa laka zan ce.

Ban san Baffa yana bayana ba. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki ɗan guntun da ya saura, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya daɗe yana kallon yatsun nan.

Da ya yi magana, a hankali ya yi. Ya ce yoyon ya fara ne da tsakiyar rani, lokacin da tumatirin ƙarshen kanal ke fure. In aka sauke lagireto a kai wurin walda, sati guda ya tafi, gonakin mutane sun bushe. Sai ya zuba garin kuka cokali biyu, yoyo ya tsaya, aiki ya ci gaba. Da yoyon ya dawo ya ƙara. Na tambaye shi sau nawa, ya ce bai ƙirga ba, rani uku ne ko huɗu.

Na ce, "Baffa, ba wanda ya sani sai ni da kai. Laka zan ce, kuma akwai lakar a ciki, ba ƙarya na yi ba."

Ya ce, "Ɗan nan, duk shekarun nan ina rantsuwa ban hana ta ruwa ba, kuma gaskiya nake faɗa, shi ya sa nake barci. Yanzu da na sani, so kake in ƙarasa sauran kwanana da ƙarya?"

Haushi nake ji, amma na rasa wanda zan ji haushinsa, sai kaina.

Shi ya buɗe bututun nan da hannunsa. Na yanko masa siririn ƙarfe daga tsohon zarto, ya zauna a kan tabarma, lagireto a gabansa, yana zurawa ɗaya bayan ɗaya, yana zuba ruwa har sai ya ga ya fito fari ta ƙasa. Ya fi sati a kai. Na so in taya shi, ya hana. Ni dai na liƙe hujin da dalma, aikin da da an yi shi tun farko da ba mu zo nan ba.

Ranar Juma'a ni na yi shiru, shi ya miƙe bayan sallah ya faɗa, bai rage komai ba. Na so a ce mutane sun yi tsit, sun tuna tumatirin da ya tsira a waɗannan shekaru. Wasu ƙalilan sun sunkuyar da kai. Yawanci dariya suka yi, wani ma ya ce ashe ba dafawa kawai ya yi ba, har miya ya kaɗa mata. Na yunƙura, Baffa ya riƙe mini gefen riga.

Washegari muka mayar da lagireton. Na taimaka masa ya hau kujerar, ya ja ta zuwa gaɓar kanal, ya kafa bakinta a laka. Awa guda, awa biyu, ina tafe a gefe idona a kan allura, ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba. Da ya sauka yana share gumi, wani manomi daga tsallaken ruwa ya ɗaga fartanya ya kira shi da sunan nan, da ƙarfi. Na buɗe baki zan mayar masa da martani, sai na ga Baffa ya juya, ya ba shi kunnensa mai ji.

Ya ce, "Na'am."